Yadda za ki fitar da yaro mai babbar lalura kafin ambaliya ta tare hanya

Ɗana ta bututu yake numfashi, wanda aka huda aka sa mishi a maƙogwaro, abinci ma ta roba yake shiga cikinsa, da daddare kuma sai an jona mishi oksijin. To duk wadda take da irin wannan yaron a gida ta san in aka ce ruwa na zuwa lissafinmu daban yake da na maƙwabta. Su suna leƙawa su ga ko ya kai dokin ƙofa, mu kuwa batir muke kallo, dan wuta ita ce ke fara tafiya tun ruwan bai shigo ba, kuma daga lokacin da ta tafi agogo ya fara gudu a kanmu. Da mata nake magana sabida yawanci mu ne a kai, amma dan Allah ki tura wa babansu ma ya karanta, randa abin zai faru ba lallai kina gida ba.

Ki fara da sanin awa nawa gare ki, a lissafe ba a ƙiyasi ba. Ki samu rana lafiya lau ki cika injin zuƙe majina da famfon abinci da caji, ki zare su daga soket ki yi aiki da su kaman kullum, ki duba agogo har su mutu. Ni randa nai haka sai da gabana ya faɗi, injin zuƙen da nake taƙama da shi ko rabin abin da aka rubuta a takardarsa bai kai ba, ashe batirin ya tsufa ni ban sani ba tunda kullum a jone yake. Injin oksijin na gida kuwa, irin mai lita 5 ɗin nan, yana shan wajen wat 300 zuwa 350, in kina da babban batir da aka rubuta 500Wh a jikinsa sai ki raba 500 da 350, kin ga ko awa ɗaya da rabi bai cika ba, kuma invata za ta ci nata kason. Fawabank ɗin waya ba ya cikin wannan maganar sam, soket ɗin mota ma ba ya ɗaukar irin wannan injin. Abin da ke fitar da mutum shi ne silindar oksijin. Wadda ake ce wa mai lamba E tana ɗaukar wajen lita 680 in a cike take, in yaronki lita 2 yake sha a minti ɗaya kin samu minti 340 kenan, awa biyar da ɗoriya, in lita 1 ne wajen awa 11. Ki dinga cire kwata daga lissafin sabida yaro in ya firgita ko aka jijjiga shi a hanya sau da yawa sai an ƙara mishi. Duk wanda ya fi gajarta a cikin waɗannan lambobin, shi ne ainihin lokacinki, ki rubuta shi ki manna a bango.

Daga nan sai maganar da ta fi komai, yaushe za a tashi. Wannan ku yanke ta tun yanzu ke da maigida kuna cikin hankalinku, kar ku bari sai ranar ku tsaya gardama. Mu abin da muka tsayar shi ne da zarar hukuma ta ce a zauna cikin shiri, mu mun tafi, ba ma jiran a ce a tashi. In aka ce a tashi kowa ne zai fito lokaci guda, titi ya cushe, layin waya ya ƙi shiga, motar asibiti kuma mutum ɗari na kiranta. Za a yi miki dariya fa, ki shirya. Sau biyu muna kwashe kaya mu tafi ruwan bai zo ba, muka dawo ana ce mana sannu da gudu, har wata take ce min wai tsoro ya min yawa, na ce mata na ji na karɓa. Wanda yake da ƙafa biyu da jaka ɗaya zai iya jira, ni fitata kaɗai minti arba'in take ci in komai ya tafi daidai. Kuma ruwa ba ya jiran gari ya waye. A watan Yulin 2021 da kogin Ahr ya yi ambaliya a Jamus, cikin dare ruwa ya cika benen ƙasa na wani gidan kula da masu nakasa a garin Sinzig, mutum 12 suka rasu a ciki. Kar kuma ki ce ai asibiti na nan a kowane lokaci. A 2012 da guguwar Sandy ta afka wa New York, ruwa ya shiga ƙarƙashin ginin asibitin NYU Langone wutar ko-ta-kwana ta mutu, sai da nas-nas suka sauko da jarirai wajen 20 ta matattakala daga hawa na tara cikin duhu, wasu ana matsa musu iska da hannu. Babban asibiti kenan a Amurka.

Ina za ki? Wannan ma ba ranar ake tunaninta ba. Ki nemi gida biyu a kan tudu, a ɓangarori daban-daban yadda in gada ɗaya ta rufe ɗayan na nan, ki je da ƙafarki ki ga inda soket yake da ko keken yaron zai shiga ƙofar, ki tambaye su ƙarara ko sun yarda ki buga musu ƙofa ƙarfe biyun dare da yaro da injina masu ƙara. Ki tambayi likitansa tun yanzu, in wuta ta ɗauke kwana biyu mu zo asibiti ko kuwa, dan yaron da yake kan injin numfashi wasu asibitocin sun fi so a kawo shi tun kafin abin ya ɓaci. Sansanin da ake tara jama'a shi ne zaɓin ƙarshe, cunkoso ga tari ga soket ɗaya mutum hamsin na cajin waya. Wasu ƙasashen suna da rajistar masu buƙata ta musamman a wajen kamfanin wuta da na ruwa, a Birtaniya kyauta ake shiga, in akwai irinta a inda kike ki sa sunansa, sai dai ki sani shiga rajista ba alkawari ba ne cewa wani zai zo ya ɗauke ku. Maƙwabta biyu masu ƙarfi da suka san yadda ake ɗaga yaron sun fi min ita amfani.

Sai takarda. Shafi ɗaya tak, dan ba mai karanta fayil a cikin kwale-kwale. Tun 1999 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da ta likitocin gaggawa suka fito da fom na musamman dan irin yaranmu, amma ko ba ki da shi ki rubuta naki ki ba likita ya duba. Sunan yaro da ranar haihuwa, nauyinsa a kilo da ranar da aka auna sabida da nauyi ake lissafa wa yara magani, sunan ciwon, kowane magani da ainihin sunansa ba sunan kamfani ba da adadin miligiram da lokutan sha, abin da jikinsa ba ya so, lambar bututun maƙogwaro da ta robar ciki, saitin injin numfashi in yana da shi, lambobin waya uku. Abin da mutane suke mantawa kuma shi ne yadda yaron yake in lafiyarsa ƙalau. Ki rubuta cewa oksijin ɗinsa kullum kaza yake nunawa, ba ya magana amma yana ji yana ganewa, in ya sanƙare hannu ciwo yake ji. Wanda bai san shi ba zai iya ruɗewa a kan abin da kullum haka yake, ko kuma ya raina abin da ke kin san alamar haɗari ce. Ki ɗauki hotonta a waya, ki tura wa mutum biyu, ki kuma sa kwafi a leda mai zif, ɗaya a jaka ɗaya a jikin yaron. Ranar fita ki rubuta sunansa da lambarki a damtsensa da maka wadda ba ta gogewa, Allah ya kiyaye amma a wajen ceto ana raba uwa da ɗa.

Jaka biyu za ki yi, kuma kar ki haɗa su. Babba ta kaya, in ta kama a bar ta sai a bar ta. Ƙarama ta goyo kuwa ba ta sauka daga bayanki ko bayan gida za ki. A tawa akwai bututun maƙogwaro biyu, ɗaya daidai lambarsa ɗaya ƙasa da ita dan in na farkon ya ƙi shiga, da igiyar ɗaure shi da almakashi da man santsi da ruwan gishiri na asibiti, robobin zuƙa, jakar ambu wadda ake matsa iska da hannu, da abin zuƙe majina wanda ba ya buƙatar wuta, ko da babban sirinji ne da robar zuƙa a bakinsa, ki sa nas ta nuna miki yadda ake yi. Fitilar goshi ma, dan canza bututu hannu biyu yake ci ba ki da na riƙe tocila. Robar ciki ta safaya tana ciki, sabida in ta fisge ramin yana fara tsukewa cikin 'yan awoyi, amma in aikin sabo ne 'yan makonni kar ki mayar da kanki, ki rufe wajen ki nemi asibiti. Ki tambayi likita ko za a iya ba shi abincin da sirinji in famfo ya mutu, dan wanda robarsa ta wuce har hanji ba a zuba mishi da yawa lokaci ɗaya.

Magani ki yi ƙoƙari ki tara na sati ɗaya zuwa biyu a cikin kwalayensu na asali, na san da wuya, wani maganin ƙididdige shi ake ba mu, amma ki faɗa wa likita dalilinki kuma ki dinga karɓa kwana biyu uku kafin na hannu ya ƙare, a hankali zai taru. Ki dinga juya su kuma, ki yi amfani da na jakar ki zuba sabo, ni na taɓa buɗe tawa na tarar wani magani na ruwa da ke cikinta ya wuce lokacinsa da wata huɗu. Akwai waɗanda ba a tsallake su ko sau ɗaya. Na farfaɗiya shi ne kan gaba, ga rashin bacci ga tashin hankali duk suna tayar da ita, to maganin gaggawar da aka ba ki, ko midazolam na cikin kunci ko diazepam na dubura, ya zama a aljihun gaba. In ta tashi ki kwantar da shi a gefe ɗaya nesa da ruwa, kar a sa komai a bakinsa, ki duba agogo, in ta kai minti 5 ki ba da maganin yadda aka koya miki ki nemi taimako. Yaron da ya daɗe a kan hydrocortisone ko prednisolone shi ma ba a yanke mishi kwatsam, ki sa a rubuta miki adadin da ake ƙarawa ranar rashin lafiya. Insulin kuma mutane na tsoron zafi su manta da sanyi. Wanda ba a buɗe ba yana son digiri 2 zuwa 8, wanda aka buɗe yawancinsu suna kai kwana 28 in zafin bai haura 30 ba, amma in ya daskare ya mutu ko da ya narke. Kenan in za ki sa a kula ki naɗe shi a tawul, kar ya jingina da ƙanƙara. Ki haɗa da abin gwajin suga da wani abu mai zaƙi na tashin sugan in ya faɗi.

Fitar kanta ku gwada ta. E, kaman wasan yara, amma ku yi, da daddare ma a kashe fitila. A nan muka gano cewa babansu in ya ɗauki yaron ba mai riƙe silinda, robar oksijin ɗin kuma tana maƙalewa a hannun ƙofa. Yanzu kowa ya san nasa, mutum ɗaya idonsa a kan numfashin yaron kawai ba ya ɗaukar komai sai ƙaramar jaka, ɗaya injina, yayarsa kuma tocila da rufe ƙofa, ita ma ta fi nutsuwa in tana da aikin yi, dan a irin wannan ranar masu lafiyan ne ake mantawa da su. In yaron ya yi nauyi ku koyi ɗaukarsa a cikin bargo mai ƙwari mutum biyu, ɗaya ta kai yana tallafe wuya. Keken guragu mai batir yakan haura kilo 100, ba ya hawa bene ba ya shiga kwale-kwale, ki tanadi mai naɗewa ko ki haƙura da shi tun a zuci.

In kin makara ruwa ya riga ya hau titi, to lissafin ya canza. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, iya idon sawu da ɗan ɗoriya, yana kayar da babban mutum, balle wadda ta rungumo yaro. Santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 yana tafiya da jif. Kuma ba kya ganin ramin da ke ƙasa ko wayar wutar da ta faɗo. Ga mai bututun maƙogwaro abin ya ninka, shi ba shi da damar riƙe numfashi, duk ruwan da ya kai wuyansa huhu zai wuce kai tsaye. Sabida haka in hanya ta rufe gara ki hau sama da injinan da ƙaramar jaka, ki kashe babban makunnin wuta in za ki iya kai wa gare shi ƙafarki da hannunki a bushe, kar ki shige cikin silin ko ɗakin da ba taga inda ruwa zai rufe ku. Ki kira masu ceto ki faɗi magana a dunƙule: yaro ne yana kan oksijin, saura awa uku, ga adireshi. Wannan adadin awannin da suka rage shi yake sa a sa ku a gaba. In kira ya ƙi ki tura tes, sau da yawa yana wucewa.

A kwale-kwale kar ki yarda a bar shi ɗaure a keke ko kujerar mota, in ya kife da shi za su nutse. A sa mishi rigar hana nutsewa daidai jikinsa wadda ba ta danne bututun, ki zaunar da shi a jikinki kansa a sama, ki kare wuyan daga feshi ba tare da kin toshe ba. In matuƙin ya ce kaya sun yi yawa, ki buɗe baki ki ce wannan jakar numfashinsa ce, sauran a bari. Ba lokacin kunya ba ne.

Da kun isa, soket za ki fara nema kafin tabarma, ki jona komai ko bai mutu ba. Ki nemi mai kula da wajen ki miƙa takardar ki roƙi lungu nesa da masu tari. Oksijin ya yi nesa da kyandir da risho da mai shan taba, kuma ba a shafa basilin ko wani mai a fuskar yaro yana kan oksijin. In da janareto ake, a waje zai zauna aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, hayaƙin da ke kisa ba shi da wari ba shi da launi, mai bacci ma ba zai san yana shaƙarsa ba. Haka zama a mota injin na kunne cikin gareji dan a yi caji, kar ki fara.

Ruwan ambaliya haɗe yake da na masai, shi ya sa kwalara da taifot ke biyo bayansa. Duk ruwan da zai shiga robar ciki ko a dama madara da shi ko a wanke sirinji, na roba ne a rufe ko wanda ya tafasa sosai minti ɗaya. In da hali madarar da aka riga aka dama ta kwali ta fi ta gari sauƙi a irin wannan lokacin. Duk wani rami a jikin yaron, na wuya ne ko na ciki ko layin allurar ƙirji, wato robar da ake bari a jijiya dan ba da magani, in ruwan ya taɓa shi a wanke a canza bandeji nan take a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya. Mai layin allura ko mai sikila in zafin jikinsa ya kai 38 ba a jira safiya. Mai sikila ɗin ma tun a hanya ki cire mishi jiƙaƙƙun kaya ki lulluɓe shi ki dinga ba shi ruwa, sanyi da ƙishirwa su ne ke tayar da ciwon. Mai wankin ƙoda kuwa ki roƙa a matso mishi da ranar wankinsa kafin ruwan ya iso, a kuma ba ki sunan wata cibiyar da za ta karɓe shi, in na ciki ne ake yi a gida kika ga ruwan da ke fitowa ya yi gurɓi to asibiti. Wanda aka sa wa bututun rage ruwa a kai, amai da ciwon kai da yawan bacci kar ki ce gajiyar hanya ce.

Yara masu otizim nasu daban ne kuma, da yawansu ruwa yana jan su, ga baƙon wuri ga hayaniya, kina juya baya ya fice, kuma nutsewa na cikin abin da ya fi kashe su in sun ɓace. Ki sa mutum ɗaya a kansa a kowane lokaci, a faɗa da baki yanzu ke ce, dan in kowa na kallo to ba mai kallo. Abin toshe kunne da wannan abin wasan da ba ya bacci sai da shi, ko ya tsufa ya yi dauɗa, a sa su a jaka tare da magani.

Kar ki yi saurin komawa gida dan kawai ruwa ya janye. Bango mai laima cikin kwana ɗaya biyu yake fara fumfuna, huhun yaranmu ba ya ɗauka, ki bari a kwashe a wanke a shanya, wuta kuma ta tsaya da ƙafarta. Maganin da ruwan ya taɓa da robobin da ledarsu ta jiƙe a zubar, injin da ya sha ruwa kar ki jona dan ki gwada, a kai wa masu shi su duba, musamman mai batirin litiyom dan yana iya kamawa da wuta daga baya. Ki kuma yi odar kaya da wuri ba sai na hannu ya kusa ƙarewa ba, ambaliya tana iya tsayar da kaya a inda ba ki zata ba. A 2024 da guguwar Helene ta cika masana'antar Baxter da ke North Carolina da ruwa, wadda a lokacin take yin wajen kashi 60 cikin ɗari na ruwan ƙarin da ake amfani da shi a Amurka har da na wankin ƙoda ta ciki, sai da asibitocin da ko ɗigon ruwan bai kai garinsu ba suka koma tsimi. Ni dai a makon da muka dawo na zazzage ƙaramar jakar a kan gado na mayar da duk abin da muka taɓa, na sake auna yaron na gyara kilo ɗin a takarda, silindar da ta yi rabi kuma na aika a ciko ta.